Hular Kwanon Yayan Safiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni ce Maman Safiya ta Sparkbrook, a nan Birmingham. Duk wanda ya san ni ya san ba na ƙumbiya-ƙumbiya, to yau ma ba zan yi ba: saura ƙiris in kashe ɗana da kara. Shekara biyu ke nan da faruwar abin, ya warke sarai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko wata uwar ta tsira daga irin wautar da na tafka.

Safiya ita ce ta biyu a 'ya'yana. Ana kirana da sunanta ne saboda ni 'yar Kano ce ta cikin ganuwa, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya yabonsa a gaban mutane, ba kya nuna kin damu da shi ko da ciwo yake yi. Haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, haka ni ma na ɗauko abina na taho da shi Ingila. Shekara ashirin da huɗu ina ce masa "kai" ko "wannan", in kuma labarinsa nake bayarwa in ce yayan Safiya. Ko takardun makaranta babansa, Alhaji, ne yake cike masa. A nan ma haka zan riƙa kiransa har mu zo inda za mu zo.

Yana ɗan sakandare makarantarsu ta kai su wani tudu a bayan unguwarmu, an shimfiɗa masa roba mai kama da burushin wanki, inda ake koyon gangara a kan allo. Allo guda ne, a ɗaure ƙafafu biyu a kansa, mutum ya sulalo daga sama. Ya dawo gwiwa duk a kurje yana dariya, daga ranar kuma shi ke nan. Da ya tafi jami'a a Manchester ya kama gidan haya a unguwar Withington, sai ya zama da rani yana aiki a shagon kayan wasanni, da sanyi ya tafi duwatsun Faransa da Austria inda dusar ƙanƙara ta gaske take.

Irin tseren da yake yi suna kiransa snowboard cross. Maza huɗu ake jerawa a saman dutse, kowa a bayan ƙofarsa. Ana sakin ƙofofin sai su gangaro tare a hanya ɗaya mai kwana-kwana da tuddai, su yi sama su diro, kafaɗa na gugar kafaɗa. Biyun da suka riga isa ƙasa su wuce zagaye na gaba, biyun baya su tattara nasu ya nasu. Ranar da ya fara nuna mana a kaset na ce, "Wannan ai tseren 'yan acaɓa ne, fasinja ne kawai babu." A raina kuwa Allah ya sani daɗi nake ji, don yaron ya iya. Ban taɓa faɗa masa ba.

A farkon 2006 ne za a sa wannan tsere a babbar gasar wasannin ƙanƙara ta duniya a Italiya, karo na farko. Mai horar da shi, wani Bature ɗan Scotland, ya ce masa in ya taka rawar gani a tsere biyu da suka rage cikin Janairu, akwai tsammanin a tafi da shi. Shekara goma yana jiran irin wannan ƙofar.

Sai ga shi cikin Disamba a Austria, suna sama wani ya taɓa masa allo ta baya. Ya faɗo da ƙeya, hular kwanonsa ta tsage. Ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ce wa masu duba shi lafiyarsa lau, don kada a rubuta masa hutu. Ya hau jirgi ya dawo Withington bai gaya wa kowa ba. Abokin zamansa ne ya bugo wa Safiya waya, ya ce kwana uku ke nan yana kwance a ɗaki labule a rufe, in ya ɗora ruwan shayi sai ya manta, kuma ya tambaye shi ranar mece ce yau har sau uku kafin azahar.

Alhaji da Safiya suka ɗauki mota suka je suka taho da shi. Ni ban je ba. Na ce miya ce a wuta. Ba miya ba ce, kunya ce: a ce uwa ta kwashi jiki har Manchester saboda ɗan fari ya buge? Da suka shigo na leƙo daga kicin na ce, "An dawo? Sannu." Ya ce, "Yawwa, Umma," yana kare ido da hannu daga ƙwan fitilar falo. Na gani da idona, na koma na ci gaba da juya miya.

Satin farko, sai da muka yi kwana biyu muna buga wa GP, wato likitan unguwa, waya tun ƙarfe takwas na safe kafin a ba mu lokaci. Alhaji ne ya raka shi. Likitan ya ce concussion ne, wato ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, ya ba su wata takarda mai bayani. Da suka dawo na tambayi Alhaji me aka ce, ya ce, "Cewa ya yi ya huta." Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan daga duk bayanin likita. Takardar aka maƙala a jikin firji, jadawalin lokutan salla ya rufe rabinta, ni kuma ban ɗaga na karanta ba.

Ranar Juma'a labari ya shiga masallaci, ga shi kuma an shiga hutun Kirsimeti, kowa yana gida babu aiki. Jama'a, na ga dubiya! Maƙociyata Hajiya Ladi, mutuniyar Kumasi, ita ce shugabar ƙungiyarmu ta mata, ita ta fara zuwa da tawagarta da kular wake da shinkafa da shito, soyayyen yajinsu na can. Mutanen Ladywood suka zo, abokan aikin Alhaji suka zo da iyalansu, wasu daga Manchester, har daga London an hau mota an zo. Ba zan butulce ba, mutanen nan sun nuna mana ƙauna, ba mu ɗora tukunyar dare ba har sati biyu, addu'a kuwa ba a magana. Zumunta a ƙafa take, sun kuma taka.

Amma kowa ya zo sai ya ga mai jiki da idonsa. Sai a hau sama a taso shi, ya sauko falo ya zauna a tsakiya, yara na guje-guje, talabijin na yi, ana ta shewa. Kowane sabon zuwa sai ya ce, "Wai yaya aka yi ne?" Shi kuma yaro mai ladabi, ya sake ɗauko labarin daga farko, a miƙa hular kwanon hannu zuwa hannu ana salati. In aka juyo kaina aka ce, "Maman Safiya, yaya mai jiki?" sai in taɓe baki in ce, "Wane jiki? Shagwaɓa ce kawai." Mata su yi dariya su ce, "Kai, Maman Safiya akwai kara!" Ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Sati na biyu abin ya fara ba ni tsoro, sai dai a ciki. Ya koma sa baƙin gilashi a cikin gida. In bas ta wuce a Stratford Road sai ka ga ya runtse ido. Yana salla sai ya tsaya ya rasa raka'a nawa ya yi. Yaron da bai taɓa ɗaga wa babansa murya ba, ranar nan Alhaji ya tambaye shi inda makullin mota yake, ya daka masa tsawa, sannan ya zauna a matakala ya rufe fuska.

Shawara kuwa ta zo buhu-buhu. Ƙanin Alhaji ya bugo daga Kano ya ce a shafa man habbatussauda a ƙeya. Wata ta ce a gasa masa kai da ruwan zafi. Wani abokin Alhaji, likitan ido ne, ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, ku rage masa mutane fa." Shi mai maganar da matarsa da 'ya'ya huɗu ya zo, kuma sai da suka yi la'asar da magariba a gidan. Hajiya Ladi kuma ta kama hannuna a kicin ta ce, "'Yar'uwa, wannan canjin hali ba na asibiti ba ne. Duwatsun nan da yake hawa kin san masu su? Iska ce ta shafe shi. Ki bari ranar Salla zan kawo turare mai kyau."

Safiya ce kaɗai ta tsaya min. Tana aiki a kantin magani, bakinta kuma irin nawa ne. Ta ciro takardar daga firji ta ce, "Umma, please, ki karanta leaflet ɗin nan mana. Cewa aka yi quiet, ba hayaniya, ba TV, ba taron mutane."

Na ce, "To in yi yaya? In kori masu dubiya?"

Ta ce, "Eh, ki kore su."

Na ce, "Ke da aka haifa a nan ba za ki gane ba. In rufe wa mutane ƙofa saboda ɗan fari? Da wane idon zan shiga taron suna? Har Kano sai an kai labarina." Ta ajiye takardar a kan tebur ta fita tana ƙunƙuni da Turancinta na Birmingham.

Babbar Salla ta faɗo cikin sati na uku. Bayan azahar falona ya cika maƙil, takalma har bakin titi. Hajiya Ladi ta cika alkawari, ta zo da kaskonta da gawayi, aka zaunar da yayan Safiya a kujera, ta zuba turare, hayaƙi ya turnuƙe. Mun manta a Ingila muke. Na'urar gobara da ke maƙale a silin ta kwarara ihu, irin ƙarar nan mai shiga har haƙori. Na ga ya dafe kunnuwa da hannu biyu, ya yunƙura zai tashi, amai ya ƙwace masa, ya zube a kan kafet.

Ina bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Zuciyata ta riga ta isa wurinsa, amma idon mata goma sha yana kaina, sai na tsaya. Wallahi na tsaya. Abin da har gobe in na tuna nake jin kamar in mari kaina ke nan. Safiya ce ta tsallake mutane ta tallafo kansa tana kiran sunansa, Alhaji ya hau kujera ya cire batirin na'urar, wani ya kira motar asibiti.

A sashen gaggawa na asibiti mun fi awa huɗu a kan kujerun roba kafin a kira shi, yana kwance a kafaɗar ƙanwarsa, fitilun wurin kuma fau kamar da gangan. Wannan jira ban yafe shi ba, mutum da ciwon kai a ajiye shi kusa da injin sayar da lemo mai gurnani. Amma da suka karɓe shi sun yi aiki, Allah ya saka musu. Aka ɗauki hoton kai, aka ce jini bai taru ba, aka riƙe shi kwana ɗaya.

Da safe wata likita ta zo, 'yar siririya mai gilashi, ta ce wa ke kula da shi a gida. Na ce ni ce. Ta ce mutum nawa ke shigowa wurinsa a rana. Na ce ba su da yawa, kamar ashirin. Ta cire gilashinta ta dube ni. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta yi min bayanin da ya kamata in nema tun satin farko. Ta ce ƙwaƙwalwa ba a yi mata ɗori, ba a naɗa mata bandeji, shiru da duhu da barci su ne maganinta, mu kuwa sati uku muna hana ta. Ta ce abin da ya fi komai haɗari shi ne abin da ta kira second knock: in ya sake buguwa kafin ta farko ta warke, ko bugun bai kai na farko ba, yana iya tashi ba shi ba, yana iya kuma ƙin tashi. Kalmomin nan biyu na Turanci sun zauna min daram.

Muna komawa gida na sa Safiya ta rubuta da Hausa da Turanci a kwali: mun gode, mai jiki yana barci, a yi masa addu'a daga gida. Na manna a ƙofa da hannuna. Na kwashe shi daga ɗakin gaba na mayar da shi na baya, nesa da titi, na sa labule mai kauri, na karɓe wayarsa. Na je makarantar firamaren da nake taimaka wa malamai na ɗauki hutu. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ni ke buɗewa, in karɓi kula in yi godiya, in tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni.

Rana ta biyu Hajiya Ladi ta zo. Ta karanta kwalin, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! Yau Maman Safiya ce ke rawar jiki a kan ɗan fari? Har ni za a tare a ƙofa?"

Na ce, "Hajiya, har ke. Ko uwata ce ta dawo duniya yau a nan za ta tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta juya ko kular ba ta miƙo ba. Kafin sati ya zagayo na ji an ce Ingila ta cinye ni, an ce na zama Baturiya, an ce ƙungiya ta yi min rana na yi mata dare. Ya yi min ciwo, ba zan ce bai yi ba, don da mutanen nan na yi haihuwa da rashi a ƙasar da ba tawa ba. Amma ƙofa ta ci gaba da zama a rufe.

A sati na huɗu ne na fara zama kusa da ɗana, abin da rabona da yi tun yana goye. In dama masa kunun gyaɗa in zauna a gefen gado har ya shanye. Barci ya fara zuwa masa. Da hantsi mu fita mu taka zuwa wurin shaƙatawa na unguwa, minti goma, daga baya sha biyar. Ya daina sa baƙin gilashi. Ya nemi gafarar babansa. Tseren farko na Janairu ya wuce yana kwance, sai na ga ya sa an shigo masa da takalman allon nasa ɗaki ya ajiye a gindin gado.

Sati na biyar ya ce ya warke. Mai horar da shi ya bugo ta wayar gida, ya ce tsere na ƙarshe saura kwana tara, amma ba za a bar shi ya hau ba sai da takardar wani likitan ƙwaƙwalwa da 'yan wasa ke gani a Manchester. Yaro ya tashi da fara'a, yana tsalle da ƙafa ɗaya a falo yana cewa, "Kin gani, Umma? I'm fine." Alhaji ya yi hamdala. Ni kuwa yanzu idona a buɗe yake. Na ga yadda yake dafa bango in ya juyo da sauri. Na ga yana lumshe ido in an buɗe firji. Ranar da nake share ɗakinsa na ɗaga takalmin nan, na ji abu na ƙara a ciki. Na zura hannu, sai ga fankon farasitamol har kati shida, duk an shanye. Na zuba su a jakata ban ce masa komai ba.

Ranar ganin likita ta zo daidai ƙarshen Janairu, lokacin da akawu irin Alhaji ko numfashi ba ya samu a ofis saboda lissafin haraji, Safiya ma tana aiki. Na ce ni zan raka shi. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar New Street. Mun wuce Stoke ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Umma, in mun shiga ki bar ni in yi magana. Ke dai ki yi yadda kika saba. Ki yi shiru kawai."

Yadda na saba. Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba, kuma ba da rashin kunya ya faɗa ba, abin da ya sani game da ni ke nan. Na juya ina kallon gonaki ta taga har muka isa.

Likitan dattijo ne mai sanƙo. Ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya bi yatsa da ido, ya ƙirga daga ɗari zuwa baya. Duk ya yi, ashe ya daɗe yana gwadawa a ɗaki. Aka tambaye shi ciwon kai, ya ce rabonsa da shi sati biyu. Jiri fa? Babu. Dattijo ya jawo takarda ya cire marfin biro. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, ke ce kike ganinsa kullum, yaya kika gan shi?

Yaron ya zuba min ido. Na san abin da takardar nan take a wurinsa, shekara goma na tashin asuba da karyewar yatsu da tara kuɗin jirgi. Na kuma san in na yi shiru ba mai zargina, shirun ma shi aka san uwar ɗan fari da shi. Na buɗe jaka na juye katunan nan shida a kan teburin likita. Da Hausa maganar ta fara fito min, da ƙarfi, kafin in maimaita da Turanci:

"Jamilu bai warke ba."

Na gaya wa likita komai, bangon da yake dafawa, firjin, raka'o'in da har yanzu wani lokaci suke ɓace masa. Dattijo ya mayar da marfin biro. Ya ce babu hawa allo a wannan sanyin gaba ɗaya, a dawo bayan wata biyu. Jamilu bai yi musu ba, bai ko kalli likitan ba. Ni yake kallo, baki a buɗe.

Daga Manchester har Birmingham ƙeya ya juya min. Sati uku muka yi daga "ina kwana" sai "sai da safe". Kununa ma Safiya ce ke kai masa. Alhaji ya ce da na bari mun dawo gida an yi shawara. Na ce, "Alhaji, biron a buɗe yake." Ban yi nadama ba ko na minti ɗaya, amma na yi kuka a banɗaki ba sau ɗaya ba.

Ranar da aka yi tseren a Italiya, tsakiyar Fabrairu, likita ya riga ya yarda masa da kallon talabijin kaɗan-kaɗan. Ina falo ina tsinke alayyahu ya shigo ya kunna, ya rage ƙara, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Aka saki ƙofofi, maza huɗu suka gangaro. Can sai na ji yana magana ba tare da ya juyo ba: wancan mai jan wando sun taɓa kwana ɗaki ɗaya a Faransa, wannan kuma gwanin kwana ne amma tsalle ke ba shi wuya. Na ajiye alayyahun. A wani zagaye biyu suka haɗu a sama suka zubo tare, ɗaya ya bugi ƙanƙara da kai ya yi ta mirginawa. Na ga hannun Jamilu ya tafi ƙeyarsa da kansa.

Sannan ya ce, "Umma, shekara ashirin da huɗu ina jira in ji sunana a bakinki. Sai kika tashi faɗa ranar da kika hana ni tafiya."

Na ce, "Da na yi shiru ranar, wataƙila da yanzu ina ta kiransa a bakin gadon asibiti ba ka amsawa."

Ya jingina kansa da gwiwata. Muka ƙarasa kallon a haka, yana nuna min wanda ya yi kuskure da wanda ya yi dabara, har aka raba lambobi.

Sai watan Mayu ciwon kan ya ɗauke gaba ɗaya, dattijon nan ya sa hannu a takarda da kansa, ni ma ina zaune. Hajiya Ladi kuwa ranar sunan jikarta na shirya na tafi ba tare da an gayyace ni ba, na ɗauki tsintsiya na fara shara. Ta harare ni, ta harare ni, sannan ta miƙo min faranti ta ce, "Yaya ɗan naki mai kan ƙarfe?" Shi ke nan aka wuce wurin. Bara da mijin wata a ƙungiya ya faɗo daga tsani, ita Hajiya Ladin ce ta tsaya a ƙofa tana mayar da mutane.

To 'yan'uwa, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. In naku ya bugu a kai, ko ya miƙe yana dariya, a kai shi a duba, ku kuma shiga ɗakin likita da ƙafarku ku ji da kunnenku, kada ku jira a taƙaita muku. Dubiya lada ce, amma mai ciwon kai addu'arku daga nesa ta fi masa zamanku. Kara kuma ado ce, ban ce a yar ba, ni ma har yau ba na yabonsa a taro. Sai dai ranar da ta zama tsakanin kara da ran ɗanki, kada ki tsaya da ludayi a hannu kamar yadda na tsaya.

Jamilu ya koma kan allonsa a sanyin da ya biyo baya, yana ta tserensa a ƙasashe, wani lokaci ya wuce zagaye, wani lokaci a tsere masa. Idonsa na kan babbar gasa ta gaba, in da rai da rabo. Tsagaggiyar hular tana saman firjin da takardar nan ta taɓa zama a jikinsa, ya sayi sabuwa. Duk ranar tsere, yana sauka daga dutse zai kira wayar gida, kuma mun yi yarjejeniya ba ya fara magana sai na fara. Jiya ma ya kira daga Switzerland, falona cike da mata ana lissafin gudunmawar biki. Na ɗauka a gabansu duka na ce, "Jamilu, yaya kan?"

Ya ce, "Lafiya lau, Umma. Sake faɗa, layin bai fita sosai ba."

Ƙarya yake yi, layin garau yake. Na sake faɗa.